Ruwan Farko da Ƙafar Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sunana Rabi, ni ce mai tuwo da shinkafa a bakin tashar Sabon Birni. Mata da yawa suna tare ni da tambayar yadda aka yi Innarmu ta rasa ƙafa, ni kuma da na ɗauko bayani sai kuka ya ci ƙarfina, in bar shi a tsakiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daga farko har ƙarshe, ko Allah ya sa wani ya tsira daga abin da mu ba mu tsira ba.

Inna mutuniyar Gatawa ce. Can aka haife ta, can ta haife mu, ni da ƙanena Sani, wanda ke jigilar kaya a babur tsakanin kasuwanninmu da na Nijar. Tun rasuwar Baba ita ke riƙe da gonarsa. Mun yi mun yi ta dawo wurina ta huta, ta ce ita ba kaza ba ce da za a kife ta da kwando. Abin da lallashinmu ya kasa, bindiga ta yi shi. A ƙarshen rani ɓarayin daji suka faɗa wa garin, aka watse, kowa ya yi ta kansa. Inna ta iso gidana a ƙasa, ba takalmi, daga ita sai zanen jikinta. Wajen gudun nan ne ta taka kututturen dawa ya huda mata tafin ƙafar hagu.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta wanke da ruwan zafi, ta cusa toka, ta ɗaure da tsumma. Ni kuwa sana'ata ba ta zama ba ce, in fita da duku-duku in dawo na gaji liƙis. Sai da aka kwana biyu na lura tana ɗingishi.

Na ce, "Inna, mi ya samu ƙafarki?"

Ta ce, "Ɗan kara ne. Mi kara ke yi ma wadda ta tsufa cikin gona?"

Ku dubi alamun da muka gani muka wuce. Tun kafin gudun, duk zuwan da na yi Gatawa sai in tarar ta ƙara ramewa. Ba ta rabuwa da moɗar ruwa, ba ta jimawa ba ta zagaya ba, kuma ta fara cewa tana ganin mutane dishi-dishi. Har kiyashi na taɓa gani sun yi cincirindo inda ta yi fitsari. Muka ce tsufa ne, muka ce zullumi ne, don wa ke ƙiba a Gatawa yanzu? Ashe ciwon suga ne ke cin ta a ɓoye.

Makon farko kemis muka nufa. Ya ba da ƙwayoyi da hoda, ya yi mata allura. Bakin mikin ya bushe, muka yi murna, ashe ta ciki yake ruɓewa. Mako na gaba ƙafa ta kumbura suntum. Sai ga Kawu Labbo, wan Inna, wanda shi ma gudun ya kawo shi Sabon Birni. Ya duba ya ce wannan ya wuce kara, abu ta taka, don sun bi ta gindin wata tsohuwar kuka. Ya kawo rubutu da turare, ya kawo wanzami ya tsattsaga ƙafar ya kafa ƙaho, wai a fitar da mugun jini. Maƙwabta ma kowa da nasa, wannan ta ce zuma, waccan ta ce garin bagaruwa. Duk mun yi. Ba na zargin kowa, don ƙauna ce ta sa kowa ya kawo abin da ya sani. Amma duk tsagar da wanzamin nan ya yi sai da ta zama miki mai zaman kansa.

Ranar da na kwance tsumman na ga yatsu biyu sun yi baƙi kamar gawayi, wari ya kori 'ya'yana daga ɗakin, ranar hankalina ya tashi. Na kira Sani na ce ya ajiye ko kayan wa ya ɗauko ya zo.

Inda muka fara kai ta a nan garin babu gado, masu raunin harbi sun cika har baranda. Muka yini a layi, Inna kwance a tabarma, ina kore mata ƙuda. Wata nas, Allah ya saka mata da alheri, ta bar abincinta ta zo ta ɗiga jinin Inna a wata 'yar na'ura. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Tun yaushe tsohuwar nan ke da suga?" Muka ce ba ta da shi. Ta girgiza kai kawai. Ita ta yi mana kwatancen wani ƙaramin asibitin kuɗi a Isa, inda likita ke kula da irin wannan miki.

Hanyar Isa ba sai na gaya wa kowa ba. Ba a fita sai rana ta ɗaga, sai motoci sun taru, kuma direba ba ya tsayawa ko me ya faru. Kan Inna a cinyata, fasinjoji sun toshe hanci da gyale, ni kuma idona a kan kowane duhun itace.

Likitan matashi ne marar yawan magana. Ya wanke mikin, ya yanke ruɓaɓɓen nama, Inna ko motsi ba ta yi ba, don ba ta jin wurin. Sai ya zaro biro ya ja layi a kan ƙafar daidai inda baƙin ya tsaya. Ya fitar da mu waje ya ce, "Daga layin nan zuwa ƙasa ƙafar ta mutu. Baƙin nan tafiya yake yi, ba ya hutu. In kun kai ta Sakkwato yanzu, ƙasan gwiwa za a yanke. In kuka tsaya, ban san inda za a yanke ba, ban ma san ko za a same ta da rai ba."

Kawu Labbo, da ya biyo mu washegari, ya buga sandarsa ya ce, "Ba a yanka min 'yar uwa awa akuya. Da ƙafa biyu anka halicce ta, da biyu za ta koma ga mai ita."

Na ɗauka Inna bayan wanta za ta bi. Sai ta sa aka kira mata likita, ta ce masa, "Ɗana, ban ce ban yarda ba. Amma ku dakata min ruwa shi sauka. In taka ƙasa mai laima da ƙafafuna biyu sau guda, sannan ku kai ni su yanke."

Likita ya ce, "Mama, ruwa ba a hannuna yake ba, kuma ƙafar ba za ta jira ba."

Ta ce, "Ni ma ba hannuna yake ba. Mu jira mai shi."

Lokacin bazara ta yi tsanani, sama fes, ko gajimare babu. Na durƙusa na roƙe ta, na yi kuka, na yi fushi, na haɗa ta da darajar kabarin Baba. Ta juya fuska bango. Likita ya ce ba zai tura ta a yanke ba da yardarta ba, abin da zai iya shi ne wanki da allurar suga da ƙarin ruwa. Kowace safiya ya zo ya kwance bandeji, baƙin ya haye layin jiya, ya ja sabo.

Haka muka zauna. Rumfata a rufe, 'ya'yana a hannun uwar mijina. Awakina suka tafi, manyan tukwanen sana'ata suka bi su, daga baya babur ɗin Sani ma ya tafi. Magani ɗaya sai an aika Sakkwato, in ya zo kuma a rasa inda za a sa shi ya yi sanyi, don wuta sai ta ga dama. Na zama kamar mahaukaciya, daga ɗakin magani zuwa bakin titi neman inda waya ke kamawa, daga can zuwa murhu.

Gadon Inna kusa da taga yake. Bayan ɗakin akwai wata babbar tsamiya da fili, can gaba kuma gawo guda. Wata safiya ina haɗa kwanuka ta ce, "Rabi, iska daga ina take?"

Na ce, "Daga waje, Inna."

Ta yi dariya har da tari, dariyarta ta farko tun barinta Gatawa. Ta ce, "Fita ki jiƙa yatsa ki ɗaga. Idona ba shi kaiwa, ke za ki gano min."

Na fita da sauri na dawo na ce daga yamma take. Ta ce, "Mi kuma kika gani?" Na ce babu komai, zafi ne kawai.

"Kin yi saurin dawowa. Koma ki zauna. Kar ki taso sai abin da ke wurin ya manta da ke."

Na koma ina ƙunƙuni, na zauna a kan saiwar tsamiya. Da farko ba abin da nake ji sai bugun zuciyata. Can sai ga wani ƙadangare jan gwada ya sauko daga katanga, kansa ja wur kamar an tsoma a manja, yana ta gyaɗa shi. Na ɗaga ido, ashe duk bakin rassan tsamiyar sun yi tofo, ƙananan ganye masu taushi, ja-ja. Kwana da kwanaki ina shanya a ƙarƙashinta ban gani ba. Na koma na gaya mata.

Ta ce, "Madalla. Tsamiya ta ji labari. Gawon fa?"

"Shi ganyensa zuba yake yi."

"Haka yake. Shi sai kowa ya sa riga yake tuɓe tashi. Ruwa na tafe."

Daga ranar ya zama aikina safe da yamma. Kada ku ɗauka don sha'awa nake yi. Kallon mai jiran hukunci nake wa sama, don ran uwata a can yake rataye. Na koyi bambanta gajimaren banza da mai nauyi. Na ga tururuwa sun yi layi suna kwashe fararen ƙwayayensu daga rami zuwa tudu. Na ga wasu 'yan tsuntsaye rawaya suna yago ciyawa siri-siri suna saƙa sheƙa, in ba ta yi ba a warware a sake. Da la'asar furen dogon yaro yakan turo wani ƙamshi mai sanyi, na shekara nawa ina girki a inuwar irinsa a tasha ban san yana da shi ba. Abin da ban zata ba, a duk faɗin Isa gindin tsamiyar nan ne kaɗai inda ƙirjina ke saki in ja numfashi har ƙasa. Wani lokaci in yi kukana in gama, kurciya na ta nata a sama, ba ruwanta.

Ranar da na ga shamuwa biyu sun sauka a kan tsamiyar, da gudu na shiga ɗaki, har na yi karo da mai shara. Inna ta ɗaga hannu sama ta ce, "Baƙin kirki sun iso." Amma a safiyar nan baƙin ƙafarta ya wuce idon sawu da nisa, layukan biro sun jeru kamar tsani. Zazzaɓi ya fara kama ta, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. Kawu Labbo da kansa ya zauna bakin gado ya ce, "Hassi, na janye maganata. Ki bari su kai ki." Ta ce masa saura kaɗan.

Hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Wata la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, cida ta yi ta gurnani a sama kamar za a yi tsawa, har mata sun kwashe shanya. Ko ɗigo bai sauka ba, ya zagaye mu ya yi arewa. Inna na barcin zazzaɓi lokacin. Na dubi Sani, ya dube ni. Ni na fara kawo shawarar. Muka ɗauki bokitai muka yi ta jido daga famfo muna kwararawa a gindin tsamiya har ƙasa ta jiƙe sharkaf. Sannan na tashe ta na ce, "Inna, an yi ruwa kina barci."

Sani ya goyo ta, muka zaunar da ita a kujera, na ɗora lafiyayyar ƙafar a kan laimar. Ta yi ta motsa yatsu. Ta shaƙi iska. Sai ta ce, "Sani, tsinko min ganye." Ya tsinko ya ba ta. Ta murza shi, ƙura ta fito a yatsunta.

Ta ce, "Ruwan ga naku bai wanke ganye ba? Rabi, ruwan Allah daga sama yake farowa."

Na faɗi a gabanta na rushe da kuka. Na ce, "Inna, mutuwa za ki yi! Kan taka ƙasa za ki bar mu? In kin mutu ina za ni sa kaina?"

Ba ta yi faɗa ba. Ta dafa kaina ta ce, "Tun ban kai tsawon sungumi ba nike bin bayan ubana, shina sara ina jefa iri ina rufewa da diddigen ga. Na bi bayan ubanku haka. Ruwan farko bai taɓa sauka ba ni cikin gona ba. Sun amshe min gona, sun amshe rumbu, sun amshe garin. Wanga guda ɗai ya rage, shi ma ku amshe?"

Muka mai da ita ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ta daina cin abinci, sai ɗan kunu a cokali. Sani ya ce mu ɗauke ta da ƙarfi in ta fita hayyacinta, na ce to, da muka je ɗagawa ta buɗe ido ta dube mu, hannuwanmu suka mutu. Likita ya daina jan layi. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Na gaya muku abin da na sani. Yanzu addu'a za ku yi."

Ranar da ruwan ya zo, tun hantsi iska ta ɗauke cak, ganye ko motsi. Gumi na tsiyaya, shamuwa sun yi tsit. Bayan azahar sai na ji wani sanyi ya taɓa min wuya ta gabas. Na juya, sama ta haɗe tun daga ƙasa, ja a gaba baƙi a baya. Kafin in kai ƙofa ɗigon farko ya buga kwanon rufi kamar an jefo tsakuwa, sai na biyu, sai ya kece gaba ɗaya. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga ya danne warin magani da na miki. Marasa lafiya suna ta hamdala, wata da ba ta tashi sai da ta yunƙura ta zauna. Inna, da ta yini ba ta san wanda ke kanta ba, ta buɗe ido ta ce, "Wanga shi ne."

Da ya tsagaita na je wurin likita. Ya dube ni, sannan ya ɗauko leda da kansa ya naɗe ƙafar har biyu, ya ce kada mu jima. Sani ya aro fartanya wurin maigadi. Ni na ɗebo gero cikin wanda nake mata kunu. Muka fito da ita, ni da Kawu muka riƙe ta tsaye, ta yi nauyin yaro ƙarami. Ganyen tsamiya na ɗigo mana a ka, kwaɗi sun fara kuka ko daga ina suka fito oho.

Sani ya sara, ta jefa iri, ta rufe da ƙafar dama. Ya sake sara, ta jefa, ta yunƙura ta ja ta hagu. Ƙafar ta ƙi. Ta sake yunƙurawa har jikinta na rawa, ko gezau. Sai Sani ya yar da fartanya ya durƙusa cikin caɓi, ya kama ƙafar da hannu biyu, ya tura ƙasa da diddigen a hankali har ramin ya cika.

Ta ce, "Ya rufu?"

Ya ce, "Ya rufu, Inna."

Ta ce, "To, ku nemo mota."

Washegari muka shiga bas ɗin Sakkwato. Can ma layi, gwaji, neman jini. Sani da maigidana suka ba da nasu, wani bawan Allah da ba mu sani ba ya cika, ko sunansa bai bari ba. Likitan da ya duba ta ya ce, "Me ya sa kuka daɗe haka?" Saman gwiwa aka yanke. Ta yi kwanaki tsakanin rai da mutuwa, har Kawu ya fara kiran dangi, sai Allah ya dawo mana da ita.

Ga abin da nake so ku riƙe. Tsoho ko yaro, in kun ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, a je a auna suga, ɗigon jini ɗaya ne. Miki a ƙafa in ya ƙi warkewa, kada a kai shi wurin aska. Ku riƙa duba tafin ƙafar tsofaffinku da idonku, don ba sa faɗa, wani lokaci ma ba sa ji. Jiran da muka yi kuwa, kada wanda ya yi koyi da mu. Shi ya cinye mata gwiwa, da gwiwar ta tsira da yanzu tana takawa da ƙafar roba, kuma saura ƙiris ya cinye ta gaba ɗaya. Har yau in na ɗaga ta zuwa bayan gida na ji ƙashinta a hannuna, raina yakan ɓaci da ita. In kuma na tuna fuskarta a gindin tsamiyar nan, sai in rasa wanda za ni ba laifi. Ina godiya ga nas ɗin da ta bar abincinta, da likitan Isa da ya haƙure mana, da matan tasha da suka haɗa min tukunya na koma sana'a. Allah ya biya kowa.

Yanzu tana gidana, kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki, idon ya ƙara dushewa. Gatawa ba ta komuwa tukuna. In ciniki ya lafa bayan azahar nakan ja kujera bayan rumfa in zauna shiru, don tsarabar da take jira ke nan in na dawo, ba goro ba. Wane tsuntsu ya zo, gulbi ya kawo ko bai kawo ba, geron bakin gari ya yi ciki ko ya fara bununi.

Tun da aka yi aikin ba ta taɓa tambayar ƙafar ba, mu ma ba mu tayar ba. Sai kwanan baya da Sani ya zo gaishe ta, yana shirin tashi ta riƙe masa riga.

Ta ce, "Kai anka ba ita ka rufe, ko?"

Ya ce, "Ni ne, Inna. Na naɗe ta da farin ƙyalle, na kai ta maƙabarta."

Na ɗauka kuka za ta yi, har na matso. Sai ta ce, "Ƙasar wurin, jigawa ce ko laka?"

Ya ce, "Jigawa ce, Inna, mai taushi, ga sabara ta kewaye wurin. Sai da na damƙa na duba, don na san za ki tambaya."

Ta saki rigarsa ta gyara zama. Ta ce, "Ƙasar gero ke nan. To, ba ta yi baƙunta ba."